Neman ɗan rakiyar Rijil daga saman soro a Maradi

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

Kayan sun iso bayan la'asar. Ƙanena ne ya taho da su daga Kano cikin kwali biyu ɗaure da igiyar roba. Madubin hangen taurari ne na hannu, irin ƙirar da Isak Niyuton ya fara a 1668: bututu buɗe, babban madubi mai loko a gindinsa, faɗinsa milimita 114, sai wani ƙarami kusa da baki da ke karkato hasken gefe zuwa ido. Nisan da yake tattara haske milimita 900 ne. Gilasan leƙe biyu aka haɗo mini, na milimita 25 da na 10, wato suna ƙara girman abin da ake kallo ninki 36 da ninki 90. Jika 85 na biya, da jika 6 na mota da ɗawainiyar hanya.

Abu ɗaya ya sa na yi wannan ɗawainiya. Shekara uku ke nan duk hunturu ina hawa soro ina kallon farin tauraron nan mai sirkin shuɗi da ke kudu da taurari uku masu jere. Larabawa suna ce masa Rijlul Jauza'i, wato ƙafar tarin taurarin da suke kira Jauza'u, daga nan Turawa suka gutsuro sunan Rigel. Ni Rijil nake ce masa. Shi ne na bakwai a haske cikin taurarin dare. Yana da wani ƙaramin tauraro ɗan rakiya maƙale a gefensa wanda Wiliyam Hashal ya gano a Ingila a 1781, kuma babban ya fi shi haske sau 400 da wani abu. Shi nake so in gani da idona kafin azumi.

Na kafa da ƙarfe 10 na dare. Wata ya cika jiya, ya haske gari kamar rana. Ƙafafun da aka sayar mini da su na gwangwani ne, da zarar na taɓa bututun sai tauraro ya kama rawa, sai na ƙirga bakwai kafin ya tsaya. Ban ga komai ba sai wani farin curi yana tafasa.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na ƙara ɗaure notocin ƙafafun, na rataya dutse a tsakiya cikin buhu. Rawar ta ragu, ba ta daina ba. Waɗannan ƙafafu ba za su yi aikin ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na yanke shawarar yin mazauni irin wanda Jon Dobson ya yaɗa a Amurka: akwatin katako da ke juyawa a kan faifai, bututun kuma ya kwanta a kansa yana ɗagawa yana sunkuyawa. Ba giyar inji, ba zaren noti, hannu kawai. Na zana wa kafintan unguwarmu a bayan takardar jarrabawa. Falanki jika 9, aikinsa jika 5. Kunnuwan da bututun zai jingina a kansu murafun babban tiyo ne guda biyu, jika 1 da rabi. Inda ya kamata a sa robar nan mai santsi da ba a samu a kasuwarmu, na yanka farar jarka ƙanana-ƙanana na kafa da ƙananan ƙusoshi, kawunansu a nutse.

Zoben da zai rungumi bututun sai da na je wurin mai walda. Ina tsaye yana aiki, ya tambaye ni abin da zan yi da shi. Na ce wani tauraro shuɗi nake bi. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Malam, to wannan shi ne mai zafin. Ƙarfe in ya fara ɗaukar wuta ja yake yi, sai ruwan ɗorawa, sai fari. Wutar da ta yi shuɗi ita ce mai yanka." Shekara goma sha ɗaya ina koyar da wannan a aji ban taɓa faɗinsa a taƙaice haka ba. Fatar Rijil tana kai wajen digiri 12,000, ta ranarmu wajen 5,500, jan tauraron da ke ɗaya ɓangaren na taurari ukun, Betaljus, wajen 3,500. Ranar Litinin da bakin mai walda zan buɗe darasi.

Zobe jika 3. Jimillar mazauni jika 18 da rabi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mazauni ya yi. In na tura da yatsa biyu yana tafiya sumul, in na saki ya tsaya cik. Na goga ɗan sabulun wanki busasshe a faifan ƙasa don yana ɗan cijewa.

Lahadi, 1 ga Disamba

Jiya na kwana a gonar surukina ta wajen Tibiri. Kudu ta fi duhu, amma ban yarda in bi hanyar Madarunfa da dare da kaya irin wannan ba. Tunanina shi ne fitilun Maradi ne ke ɓoye mini ɗan rakiyar, to in na samu daren da ba wata, nesa da gari, magana ta ƙare. A-daidaita zuwa da dawowa jika 7.

Sama kam ta yi kyau, ban taɓa ganinta haka ba tun ina yaro a ƙauye. Dattijon da ke gadin gonar ya zo ya zauna kusa da ni a kan tabarma, lulluɓe da bargo. Na nuna masa Kaza da ƴaƴanta a madubi da gilashin 25. Ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Ɗana, ashe ƴaƴan nata sun fi haka yawa." Ya ce su da suna samari da ita suke lissafin shekara, in ta fara faɗuwa tun da magariba sai a shiga gyaran gona. Na nuna masa gajimaren da ke ƙasan taurari ukun, inda sababbin taurari ke haɗuwa, nisansa ya wuce shekarar haske 1,300, wato tafiyar da haske ke yi cikin shekara 1,300. A wannan duhun har fukafukansa biyu sun fito, launin toka mai ɗan kore.

Amma Rijil bai ba ni komai ba. Ya kai tsakiyar sama wajen ƙarfe 1 da minti 10, na sa gilashin 10. Duhun da na kashe kuɗi na nema sai ya ƙara masa ƙarfi, ya cika ido da haske, gefensa ɗaya ya fitar da wutsiya kamar ta tauraro mai wutsiya. Na juya na gyara har yatsuna suka sandare, wutsiyar tana nan. Iska kuma ta taso daga arewa maso gabas wajen ƙarfe 2 tana kaɗa bututun. Na haƙura da asuba ta gabato.

A hanyar dawowa na riƙa tunanin wutsiyar. Duk tauraron da na duba da gilashin 10 yana da ita, kuma gefe ɗaya take. Wannan ba laifin sama ba ne, madubina ne bai daidaita ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau Mushtari, wato duniyar Jupiter, ke kishiyar rana, yana fitowa in ta faɗi, yana kwana a sama. Na bar Rijil na nuna wa yaran gida. Watanninsa huɗun nan da Galileyo ya gani a 1610 suna jere kamar tsakiyar carbi. Autana ya ƙirga su sau uku. Su ma kowanne da ƴar wutsiyarsa.

Talata 10 zuwa Litinin 16 ga Disamba

Hazo. Ko rana da ƙyar ake ganinta, kamar farin faranti. Na rufe bututun da leda da tsohon zane.

Laraba, 18 ga Disamba

Hutun Jamhuriya, ba lakwal, sai na ce bari in duba babban madubin. Da na haska tocila cikin bututun na ga ƙura ta kwanta a kansa kamar an barbaɗa gari. Na kwance notoci uku na ciro shi. A nan na yi kuskuren da har yanzu yake cina: na ɗauki tsumman da nake goge tabarau na shafa sau ɗaya. Fatar aluminiyam ɗin da ke ɗaukar haske a saman gilashin take, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki, kuma ƙurar hunturu yashi ce. Da na ɗaga shi a rana sai ga zane guda huɗu sirara, mafi tsawo ya kai tsawon ɗan yatsa. Na zauna a bakin ƙofa na kasa magana. Maman yara ta zo ta duba ta ce, "Malam, ai ko kashi ɗaya cikin ɗari na fuskarsa bai kai ba." Gaskiyarta, kuma lissafi ma haka ya nuna, hasken da zanen zai watsar kaɗan ne. Amma abin da nake nema ɗan haske ne a gefen babban haske, kuma duk watsuwa a kansa take sauka.

Sauran wankin na yi shi yadda ya kamata. Na kwantar da madubin cikin roba da ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, na bar shi rabin awa, na jawo auduga a kansa cikin ruwan ba tare da dannawa ba, kowane ja da sabuwar auduga. Na ɗauraye da tataccen ruwan da masu batiri ke sayarwa. Duk wanda zai yi haka ya tabbatar tataccen ruwa aka ba shi, don a irin kwalba ɗaya suke zuba shi da mai asid. Na jingine shi a tsaye ya tsane da kansa. Ruwa da auduga dala 160.

Kafin in mayar, na yanke takarda daidai faɗinsa, na ninka huɗu na samu tsakiya, na ɗiga alama da alƙalami a tsakiyar madubin. Wurin yana cikin inuwar ƙaramin madubi, ba ya rage komai.

Asabar, 21 ga Disamba

Daidaita madubai. Na huda murfin roba a tsakiya da allura mai zafi, na toshe gurbin gilashin leƙe da shi. In ka leƙa ta hudar, ya kamata ka ga da'ira cikin da'ira, duk cibiyarsu ɗaya, alamar tsakiya ta hau kan hudar. Nawa kowace da'ira gefenta daban ta kama. Ashe tun daga Kano, ko a kan hanyar Jibiya da Ɗan Isa, ƙaramin madubin ya goce. Ɗiyata babba tana murɗa notocin gindi ina leƙawa ina ce mata "ƙara", "koma". Mun ci kusan awa biyu, don kowane noti in ka taɓa shi sai ya ɓata aikin ɗan'uwansa.

Da dare na gwada a kan wani tauraro matsakaici. Na ɗan gusar da gilashin leƙe da gangan har hoton ya dushe, sai ya buɗe ya zama zobba masu baƙin ɗigo a tsakiya sosai. Wutsiya ta tafi.

Juma'a, 27 ga Disamba

Rijil yanzu ɗigo ne, amma ɗigo mai tsalle. Ninki 90. Babu.

Laraba, 1 ga Janairu 2025

Na zauna na yi lissafin abin da nake nema, don in daina zargin kayan aiki a kan abin da ba laifinsu ba. Tazarar Rijil da ɗan rakiyarsa a ido sakan 9 da rabi ne na kusurwa, digiri ɗaya kuwa sakan 3,600 ne. Kamar ka kafa kwandalar dala ashirin a nisan sama da rabin kilomita ka ce za ka bambance bakinta na dama da na hagu. Madubi mai faɗin milimita 114 yana iya raba taurari biyu masu haske ɗaya ko da tazararsu ba ta fi sakan ɗaya da ɗan kai ba. Ke nan ba kusanci ne matsalar ba, bambancin haske ne: fitilar mota ce da ƙwayar ashana a gefenta. Shi ya sa ake cewa ƙasa da milimita 150 aikin yana da wuya, ko da yake masu ƙananan madubai suna samunsa in iska ta natsu.

A zahiri kuwa tazarar tasu ta ninka nisan duniya da rana sau 2,000 da ɗoriya. Nisa ne ya matse su. Awon da tauraron ɗan Adam na Turai mai suna Hipparcos ya yi tsakanin 1989 da 1993 ya sa Rijil a wajen shekarar haske 860. Na daɗe ina juya wannan adadi. Hasken da ke shiga bututuna yau ya baro can a tsakiyar ƙarni na 12, zamanin Salahuddini, shekara 150 da wani abu kafin Mansa Musa ya tafi hajji a 1324, ɗaruruwan shekaru kafin Katsinawa su kafa sarautar Maradi. Yana tafe kilomita 300,000 kowane sakan bai tsaya ba. Na rana minti 8 da sakan 20 kacal yake yi. Tauraron da zai yi wannan nisa kuma ya zo na bakwai a haske ba ƙaramin abu ba ne: faɗinsa ya ninka na rana sau 70 da ɗoriya, haskensa ana ƙiyasta shi wajen rana 120,000. Shekarunsa kuma ba su wuce wajen miliyan 8 ba, alhali rana ta yi biliyan 4 da rabi. Yana cin makamashinsa da sauri, ƙarshensa fashewa ce.

Na aika wa ƙanena ya nemo mini gilashin milimita 6, ninki 150. Girman ninki yana tura ɗan rakiyar nesa da hasken a ido.

Asabar, 11 ga Janairu

Gilashin ya iso, jika 16. Jimillar abin da na kashe zuwa yau jika 133 da ƴan daloli. Na gwada da dare, Rijil yana tafasa kamar ana kallonsa ta saman tukunyar koko. A ninki 150 kuma ba ya zama, cikin minti ɗaya da ɗan kai ya ratsa ya fice, sai na sake turawa.

Laraba, 15 ga Janairu

Sanyi da iska. Minti ashirin na sauko.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na gano abu biyu da ke tafasa mini hoton, kuma duk a gida suke. Na farko, bututun yana yini a ɗaki mai ɗumi, ina fito da shi cikin sanyi in fara leƙe nan take, iska mai ɗumi tana tashi daga madubin tana murɗawa a cikin bututun. Da na buɗe zobban tauraro na ga abin da idona, kamar hayaƙi yana hawa gefe ɗaya. Na biyu, kusurwar soron da nake kafawa tana fuskantar rufin kwanon maƙwabta da madafar mai tuwon bakin titi, duk zafin yini da na itace ta gaban madubina yake wucewa. Na koma kusurwar yamma inda kudu take kan filin makarantar allo. Daga yau bututun zai hau soro tun kafin magariba, buɗe, bakinsa a sunkuye.

Na kuma daina duba shi yana ƙasa-ƙasa. Daga Maradi Rijil yana hawa har digiri 68 in ya zo tsakiya, a nan ne iskar da haskensa ke ratsawa ta fi ƙaranci. A wannan makon wajen ƙarfe 10 saura yake kaiwa, kullum yana rage minti huɗu.

Asabar, 25 ga Janairu

Ya fi. Sau biyu na ji kamar na ga wani abu, amma a kan tsinken haske yake. Sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi suna sa duk tauraro mai haske ya fitar da tsinkaye, ɗaya daga ciki ya bi ta inda nake zato. Na sassauta zoben mai walda na juya bututun kaɗan. Kafin in gama hazo ya rufe.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi.

Da magariba jinjirin watan Sha'aban yana kusa da Zara a yamma. Akwai hazo siriri, irin wanda da a watan jiya ne da ban hau ba. Amma iska ta kwanta ɗif, hayaƙin mai tuwo miƙe yake tashi, taurari kuma ba sa ƙyaftawa. Kuran, wato wutar lantarki, na nan, fitilun unguwa duk a kunne. Na dawo daga isha'i na zauna a kan turmi kife, ƙarfe 9 saura kwata na sa gilashin 6.

Rijil ya zauna, ɗan ƙaramin faifai fari mai shuɗi da zobe siriri kewaye da shi. Na bar shi ya shigo daga gefe yana tafiya, na riƙe numfashi. A ratsawa ta uku na gan shi: ɗigo kamar kan allura, a waje da zoben, tsakanin tsinkaye biyu, a gefen hanyar da babban ke bi, ya ɗan karkata gaba. Ya ɓace, ya dawo, sannan ya tsaya har na ƙirga goma sha biyu. Na juya gilashin leƙe a gurbinsa, don in tabo ne a gilashi zai juya tare da shi. Bai motsa ba. Na koma gilashin 10, da na san inda yake sai ga shi nan ma, ya fi matsewa. Hazon da nake gudu tun Disamba shi ya rage wa babban kaifi.

Na zana shi a littafi da jar tocila. Hannuna yana rawa, sai da na sake zanen.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ban gaya wa kowa inda ɗigon yake ba, don ido yana ganin abin da aka faɗa masa. Yau wata ya wuce rabi yana can sama kusa, iska a natse. Na kira ɗiyata na ba ta takarda da fensir, na ce ta leƙa ta zana duk abin da ta gani da kibiyar inda tauraron ke tafiya. Ta yi shiru wajen minti uku tana tura bututun da kanta. Sai ta ce, "Baba, akwai wani ɗan mitsitsi a gefensa." Na ɗora zanenta a kan nawa a gaban tocila, ɗigon ya hau ɗigo. Inda muka sa shi ya yi daidai da kudu maso yamma kaɗan, wurin da aka auna shi. Hasken wata bai hana komai ba.

Abin da muke gani ɗigo ɗaya ma ba tauraro ɗaya ba ne, taurari ne fiye da ɗaya da suka matsu da juna, wannan kuwa ya fi ƙarfin madubina.

Liman ya ji labari wurin yara, ya ce in nuna masa Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Tana nan kudu maso gabas da taurari ukun, ta fi kowane tauraron dare haske, amma ita maƙwabciya ce, shekarar haske 8 da rabi da ɗan kai. Na yi masa alkawarin daren Alhamis.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sauran aiki kafin azumi: dare biyar in rubuta yanayin iska da hazo da ko ɗigon ya fito, in ga ko abin da na lura da shi ranar 1 ga wata zai maimaitu. Ƴan ajina na ƙarshe su takwas-takwas ranar Asabar biyu masu zuwa, da izinin iyayensu, kowa da takardarsa, ba wanda zai ga zanen wani. Kafinta zai yi mini murfin katako mai roba a baki, jika 2, da kujera mai hawa biyu don turmin ya yi gajere in bututun ya miƙe sama. Faifan ƙasa ya fara cijewa kuma, gobe zan kwance in share yashin in ƙara sabulu.